Takarda A Zamanin Kwamfuta: Nazari A Kan Rasit Da Sauran Tarkacen Yau Da Kullum

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a dubi wani al'amari da ya zama jiki har an daina ganinsa, wato yawan takardun da ake bugawa ana zubarwa kullum, a daidai lokacin da ake ta yayata cewa an shiga zamanin da kwamfuta da wayar hannu suka ɗauke wa takarda aikinta. Za a fi mayar da hankali ga ƙaramar takardar nan ta shaidar biyan kuɗi da ake kira rasit, domin kuwa duk da ƙanƙantarta, ta tattara kusan dukkan dalilan da suka hana takarda gushewa. Sai dai kafin a kai gare ta, ya kyautu a waiwayi matsayin takarda a wurin Bahaushe, saboda sai an san darajar da abu yake da ita a da kafin a gane irin wulaƙancin da ya faɗa ciki a yanzu.

Kalmar da kayan

Masana tarihin harshe suna ganin cewa kalmar "takarda" aro ce daga harsunan Berber, waɗanda harshen Buzaye yake cikinsu. Gaɓar "ta" da ke farkonta alamar jinsin mace ce a waɗannan harsuna, kamar yadda ake samu a kalmar "takobi". Su ma Berber ɗin ba su suka ƙirƙire ta ba. Tushenta kalmar Latin ce, "charta", wadda ita kuma ta fito daga Girkanci, inda take nufin fallen da ake rubutu a kansa. Abin sha'awa a nan shi ne, wannan tushe ya sake shigowa Hausa ta wata ƙofar, domin kalmar "kati" da aka aro daga Ingilishi jikanyar "charta" ɗin nan ce. Ashe ke nan katin banki, wanda aka kawo don ya kori takardar kuɗi, ɗan'uwanta ne na jini. Watakila shi ya sa ya kasa korarta.

Hanyar da kalmar ta biyo, ita kayan suka biyo. A ƙarni na 19 yawancin takardar da malaman ƙasar Hausa suka yi rubutu a kanta daga arewacin Italiya ake yin ta, a kawo ta Tarabulus, sannan ayarin raƙuma ya ƙetaro da ita Sahara. Idan aka ɗaga fallenta aka duba da haske akan ga alamar jinjirin wata guda uku a jikinta, kuma masu nazarin tsofaffin rubuce-rubucen ajami da na Larabci suna amfani da irin wannan alama wajen ƙiyasta shekarun littafi. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ambaci wannan takarda cikin kayan da ake shigowa da su daga arewa, ya kuma lura cewa ana naɗe tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar da ita. Wannan ya nuna cewa tun wancan lokaci takarda tana da fuska biyu a kasuwar Kano, ta rubutu da ta ƙunshi.

Duk da haka, tsarin karatun allo bai yarda da ɓarnar takarda ba. Almajiri a allo yake rubutu da alƙalamin kara da tawada, ya biya, ya haddace, ya wanke, ya sake rubuta wani. Allo guda yana iya yi wa yaro shekaru. Takarda sai wanda ya ƙware, kamar alaramman da zai zauna ya rubuta Alƙur'ani da ka, falle-falle, a haɗa a sa cikin tadarishi, a adana a gafaka. Daga nan ne al'adar nan ta samo asali, ta dattijon da zai ga guntuwar takarda mai rubutu a ƙasa ya sunkuya ya ɗauke, ya soke ta a jikin danga ko ramin katanga, don gudun kada a taka sunan Allah. Ga wanda ya tashi a wannan tarbiyya, rubutu abu ne mai alfarma, kuma abin da aka rubuta a kansa yana cin albarkacinsa.

Hasashen da bai tabbata ba

A watan Yuni na 1975 mujallar Business Week ta Amurka ta buga wani dogon sharhi a kan ofishin nan gaba. A ciki George Pake, shugaban cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto, ya yi hasashen cewa nan da shekara 20 zai riƙa kiran duk wata wasiƙa ko fayil a kan allon na'urar da ke teburinsa, ya kuma nuna shakka ko zai ci gaba da bukatar takarda sosai. Rabin hasashen ya tabbata, domin na'urar ta zo ta zauna a kan tebur. Sauran rabin kuwa akasinsa aka gani. Tsakanin 1980 da 2000 yawan takardar da duniya ke amfani da ita ya kusa ninkawa biyu, kuma a 'yan shekarun nan abin da ake sarrafawa na takarda da kwali a shekara yana kai kimanin tan miliyan 400. Gaskiya ne takardar jarida da ta rubutu sun ja baya a ƙasashe masu arziki tun wajen 2007, amma kwalin da ake zuba kayan da aka saya ta intanet ya cike gurbin.

Manazarta biyu, Abigail Sellen da Richard Harper, sun yi littafi sukutum a kan wannan batu mai suna The Myth of the Paperless Office, wanda ya fito a 2002. Cikin abin da suka kawo har da cewa shigar da wasiƙar imel a ma'aikata kan ƙara yawan takardar da ake ci da kimanin kashi 40 cikin 100. Dalilin ba boyayye ba ne. A zamanin tafireta, wasiƙa guda da kwafi biyu ko uku na kabon ita ce iyakar abin da akawu zai fitar a bugu ɗaya. Da kwamfuta da firinta suka zo, sai ya zama wasiƙa guda tana isa ga mutum 50 cikin ƙiftawar ido, kuma kowannensu yana iya buga nasa. Tun a 1865 masanin tattalin arzikin Ingila, William Stanley Jevons, ya lura da irin wannan game da gawayin kwal: da aka gyara injuna suka rage cin kwal, sai amfani da injunan ya yi arha ya yaɗu, jimillar kwal ɗin da ake ƙonawa ta ƙaru. Sauƙin bugawa ya yi wa takarda abin da ingancin inji ya yi wa kwal.

Ko ƙasashen da ake kafa misali da su a fasaha ba su tsira ba. A Japan, lokacin annobar korona a 2020, asibitoci da yawa da na'urar fas suke aika rahoton waɗanda suka kamu, ma'aikata kuma suna fita daga gida zuwa ofis don kawai su danna hatiminsu a kan takarda. Sai da minista Taro Kono ya tashi tsaye a kan al'adar hatimin kafin aka soke ta a yawancin ayyukan gwamnati.

Rasit

Takardar rasit ta bambanta da takardar littafi. Na'urar da ke fitar da ita ba ta da tawada ko kaɗan. An shafe fuskar takardar da wani rini marar launi haɗe da wani sinadari mai tayar da shi, kan na'urar kuma yana ɗauke da ɗigo-ɗigon wuraren da ke yin zafi. Duk inda zafi ya taɓa sai sinadaran biyu su narke su haɗu, wurin ya yi baƙi. Shi ya sa idan aka karce rasit da farce sai layi ya fito, idan aka bar shi a rana ko kusa da murhu sai ya dushe ko ya baƙanta baki ɗaya. Man shafawa da gumi da zafin aljihu duk suna cin rubutunsa. A ƙasa mai zafi irin tamu, rasit ɗin da aka ajiye cikin walat yana iya komawa farar takarda cikin 'yan watanni, wani lokaci ma makwanni.

Sinadarin da aka daɗe ana amfani da shi wajen tayar da rinin shi ne wanda ake kira BPA. Bincike ya nuna yana iya ratsa fata ya shiga jiki, musamman idan hannu yana da maiƙo ko an shafa ruwan kashe ƙwayoyin cuta, kuma yana kwaikwayon wasu sinadaran jiki masu alaƙa da haihuwa. Wanda ya karɓi rasit ɗaya a rana ba shi ne abin damuwa ba. Abin damuwa shi ne mai karɓar kuɗi a kanti ko mai sana'ar POS, wanda yake yagar ɗaruruwa daga safe zuwa dare, ya kuma ci abinci da hannun nan. Saboda irin waɗannan ma'aikata ne Tarayyar Turai ta hana sayar da takardar da BPA ɗinta ya kai kashi 0.02 cikin 100 na nauyinta, daga 2 ga Janairu, 2020. Kamfanoni da yawa sai suka koma ga ɗan'uwansa BPS, wanda shi ma masana suke zargi da irin wannan illa. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare. Har wa yau, saboda waɗannan sinadarai ne hukumar kula da muhalli ta Jamus take ba da shawarar kada a haɗa rasit da takardun da za a sake sarrafawa, a jefa shi cikin sharar da za a ƙona.

A nan ne labarin Jamus ya zama abin nazari. Kwana ɗaya kafin waccan doka ta Turai ta fara aiki, wato 1 ga Janairu, 2020, wata doka ta Jamus ta wajabta wa duk mai kanti da ke amfani da na'urar lissafi ya ba kowane mai saye rasit, ko da burodi ɗaya ya saya, ko ya nema ko bai nema ba. Manufar ita ce a toshe hanyar ɓoye ciniki don kauce wa haraji. Dokar ta yarda a ba da rasit ta waya, amma ƙananan kantuna ba su da kayan yin hakan, mai sayen burodi kuma ba zai tsaya ba da adireshinsa na imel ba. Sai masu gidajen burodi suka riƙa tara rasit ɗin da aka bar musu cikin kwanduna suna jerawa a tagogi don nuna fushi, wani a jihar Bavariya ma ya riƙa yin rasit na sukari yana ɗorawa a kan fanke. A 2025 jam'iyyun da suka haɗu suka kafa gwamnati sun sanya soke wannan wajibci cikin yarjejeniyarsu. Darasin da ke nan shi ne, mai saye bai bukaci takardar ba, mai sayarwa ma haka. Hukuma ce ba ta amince da ɗan kasuwa ba, sai ta mai da mai saye ɗan sandan haraji, ta ba shi takarda a matsayin kulki.

A Nijeriya ma rashin yarda ne ke haifar da rasit, sai dai wanda ake zargi daban ne. Babban Bankin Nijeriya ya fara gwajin tsarin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas a 2012, aka kawo lambar BVN a 2014, amma abin da ya cusa na'urar POS cikin kowane lungu shi ne ƙarancin kuɗin da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon 2023. Daga Kantin Kwari zuwa ƙaramar kasuwar ƙauye, mai lema da tebur da na'ura ya zama banki. To amma sabis yakan yanke ana tsakiyar ciniki. Na'ura ta ce ba a biya ba, waya kuma ta kawo saƙon cewa an cire kuɗi. A wannan hali guntuwar takardar da ta fito ita kaɗai ce abin da talaka zai riƙe ya tafi banki da shi. A 2020 Babban Bankin ya ba da umarnin a mayar da irin wannan kuɗi na POS cikin sa'o'i 72, amma wanda nasa ya wuce haka, aka yi ta ce masa ya dawo mako mai zuwa, yana iya zaro shaidarsa wata rana ya tarar rubutun ya gudu. Masu wayo sukan kai rasit ɗin a yi musu fotokwafi tun yana sabo. Takarda ɗaya ta haifi ta biyu, don kawai ta farkon ba ta da amana.

Ɗalibi da fayil

Babu wanda ya fi ɗalibin jami'a sanin wannan hali. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta koma gare ta gaba ɗaya a 2015, kuma wannan ya rage tulin takardun tambayoyi da na amsa da ake jigila a da. Sai dai ɗalibin yakan buga takardar rajista, da ta sanin cibiya da rana, da ta sakamako, da ta samun gurbi. Idan ya shigo jami'a zai biya kuɗi ta intanet, ya buga shaidar biya, ya cike darussa a kan kwamfuta, ya buga, ya yi kwafi uku ko huɗu, ya bi ofis-ofis ana sa hannu ana buga tambari, kowane ofishi ya karɓi nasa ya sa a fayil. Bayanin da ke cikin waɗannan takardu kaf yana cikin na'urar makarantar tun kafin a buga su. Abin da ya faru shi ne, an ɗora sabon tsari a kan tsohon ba tare da an rushe tsohon ba, sai aiki ya zama biyu.

Akwai kuma wani sauyi da ba a cika lura da shi ba. A da ma'aikata ce ke buga fom da kuɗinta ta raba. Yanzu fom ɗin yana intanet, kuma ɗalibi ko mai neman aiki shi zai je shagon kwamfuta ya biya a buga masa. A littafin kashe kuɗin ma'aikata takarda ta ragu, har a yi alfahari da hakan a taro, alhali kuwa nauyin ne aka sauke a kan wanda ba shi da bakin magana. Takardar da yake saye kuma yawancinta daga waje ake shigo da ita da kuɗin ƙetare, tun da masana'antun gwamnati uku da aka kafa a Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun durƙushe a shekarun 1990. Duk faɗuwar darajar naira sai ta bayyana a farashin falle ɗaya na fotokwafi.

Ba za a ɗora wa ma'aikacin ofis laifin duka ba. Ya ga wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ya ga na'ura ta lalace da bayanan shekara guda a cikinta, ya kuma san ranar da mai binciken kuɗi zai zo, sa hannu da tambari zai nema. Doka ma ta daɗe tana bayan takarda. Sai a Dokar Shaida ta 2011 aka fayyace karɓar bayanan kwamfuta a kotu, sashe na 84 kuma ya nemi a haɗo da takardar tabbatar da lafiyar na'urar da ta fitar da su, wato takarda ce ke tsaya wa kwamfuta shaida. Gyaran da aka yi wa dokar a 2023 ne ya faɗaɗa karɓar sa hannu na na'ura. Ko a zaɓen 2023, aikin na'urar BVAS wajen aika sakamako shi ne ta ɗauki hoton takardar EC8A da aka cike da biro aka sa wa hannu a rumfar zaɓe. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma har yanzu a wurin mutane da yawa abin da ke cikin na'ura ji ne, wanda ke hannu shi ne gani.

Ina takardun ke ƙarewa?

Waɗanda suka tsira daga gara da ɗigar rufi a ɗakin ajiya sukan fita kasuwa a awo. Mai ƙosai da mai tsire da mai gyaɗa da mai awara duk abokan cinikin tsohuwar takarda ne, kuma ba baƙon abu ba ne mutum ya warware ƙunshin balangu ya tarar da amsar jarrabawar wani, ko fom mai ɗauke da suna da hoto da lambar waya da ranar haihuwa. A zamanin da ake damfarar mutane da irin waɗannan bayanai, wannan ba ƙaramin sakaci ba ne. Ga kuma tawadar bugu da mai mai zafi ke narkarwa ta shiga abinci, dalilin da ya sa hukumar kula da abinci ta Indiya ta haramta ƙunshe abinci da jarida a ƙa'idojinta na 2018. Rasit kuwa ko wannan amfani ba shi da shi, don ya yi ƙanƙanta. A gindin teburin mai POS yake zubewa, iska ta kwashe shi zuwa kwata, ya haɗu da ledar ruwa su toshe magudana kafin damina. A jikin irin waɗannan takardu da ake takawa akwai Abdullahi da Abdurrahman da Abdulƙadir bila adadin, kuma dattijon da zai sunkuya ya tsince su ɗaya bayan ɗaya sai ya wuni bai bar bakin titi guda ba.

Faransa ta gwada wata hanya da ta saba wa ta Jamus. A ƙarƙashin dokar yaƙi da almubazzaranci ta 2020, daga 1 ga Agusta, 2023 an daina buga rasit kai tsaye a kantuna, sai mai saye ya nema. Babu wata sabuwar na'ura da aka ƙirƙiro don wannan, tambaya kawai aka juya: a da sai ka ce ba ka so, yanzu sai ka ce kana so. Irin wannan gyara ba ya bukatar kuɗi mai yawa, kuma na'urorin POS da dama da ke hannun mutane a Nijeriya suna da zaɓin a buga ko kada a buga. Haka nan jami'a tana iya yanke cewa ofishi ɗaya ne zai riƙe kwafi, sauran su duba a na'ura. Sai dai ya kamata a lura da abin da dokar Faransa ta keɓe. Ta bar wajibcin buga rasit ga kaya masu ɗorewa da ke da garanti, kamar firiji da waya, ta kuma bar shi ga cinikin kati da aka soke ko ya gaza kammaluwa. Wannan na biyun, wanda a can yake faruwa jefi-jefi, shi ne abin da mai ciniki a Kano ko Gusau yake fargaba duk lokacin da ya miƙa katinsa. Muddin mayar da kuɗin da aka cire bisa kuskure yana bukatar mutum ya je banki da ƙafarsa ya yi layi, ba zai yarda ya bar teburin mai POS hannu wofi ba, kuma yana da hujja.